Belin Babur

Mantau wanzami ne. Ubansa wanzami, kakansa wanzami. A garinsu da ƙauyukan da ke kewaye, da wuya ka sami kan da askarsa ba ta taɓa bi ta kai ba. Aski, ƙaho, kaciya, cire wa jarirai beli, duk aikinsa ne. Ba shi da yawan magana. In ka gaishe shi sau biyu, ɗaya zai amsa, ya ce ɗayar ka ajiye ta gobe.

Yana da wani tsohon babur baƙi mai ƙaton tanki da doguwar salansa, wanda ya saya yana saurayi, tun ana ciniki da sule da sisi. Ingarma yake kiransa. Fenti ya koɗe, baduku ya sake wa kujerar fata har ya gaji, madubi ɗaya ya daɗe da tafiya, amma inji yana nan daram. In Mantau ya rataya zabirarsa ya taka Ingarma da sassafe, duk unguwa ta san wani gida ana suna.

Yawancin gidajen da yake yi wa aiki suna Tudun Gawo, wani ƙauye a kan dutse. Hanyar can tudu ce mai tsayi, ga tsakuwa, ga kwana. Jaki ma in ya zo gindinta sai ya tsaya ya yi shawara da zuciyarsa. Ingarma kuwa in aka sa masa giya aka murɗa totur, haurawa yake yi yana gurnani, bai taɓa ba mai shi kunya ba.

Ana nan sai wani matashin wanzami ya ɓullo, wai shi Ɗan'azumi. Yana da sabon babur irin na zamani, da reza a cikin leda, da safar hannu ta roba, da baki mai daɗi wurin gaida mata. Ya fara laɓe-laɓe a Tudun Gawo. Mantau bai ko dube shi ba. Abin da ya ce kawai shi ne wannan ba babur yake hawa ba, gwangwanin madara ne aka yi wa taya.

Ran nan da safe Mantau ya taka Ingarma a tsakar gida, sai ya ji wani abu da bai saba ji ba. Injin ya tashi, amma yana yi yana sarƙewa, yana wani ƙyah-ƙyah kamar mai shan taba. Mantau ya karkata kai ya saurara, irin sauraron da yake yi wa jariri in uwa ta kawo masa.

"Tari," in ji shi.

Ya tsuguna. Ya kwance murfin gefe, ya zaro wani soso da ya yi baƙi ƙirin da ƙura, ya karkaɗe shi a jikin turmi ya ajiye. Ya zame robar da ke bakin kafireto, wurin da iska da mai ke haɗuwa su shiga inji. Ya juya babur ɗin wajen hasken rana, ya leƙa.

Abin da ya gani, rami ne zagayayye kamar maƙogwaro. A tsakiyarsa kuma ga wani siririn abu ya sauko daga sama yana reto.

Mantau ya daɗe yana kallo. Ya gyaɗa kai. Wannan abu ya san shi tun yana riƙe wa ubansa zabira. Ɗan naman nan ne da ke reto a maƙogwaron jariri, mai sa tari da shaƙewa, wanda wanzamai ke cirewa.

"Beli ne," ya ce. "Shekara da shekaru yana fama da shi, duk bakaniken da ya taɓa shi makaho ne. Hajjo!"

Matarsa Hajjo ta fito daga ɗakin girki da muciya a hannu.

"Riƙe masa kai."

"Kan wa?"

"Kan Ingarma. Ki murɗa nan ki riƙe, bakin ya buɗe sosai. Kar ki bari ya motsa."

"Malam, ƙarfe ne fa."

"Ban tambaye ki ba."

Hajjo ta ajiye muciya ta riƙe, tana salati ƙasa-ƙasa. Mantau ya buɗe zabira, ya zaro 'yar ƙugiyar cire beli da wani tsohon almakashi mai ƙarfin baki. Ya yi bisimilla. Ya maƙalo abin da ƙugiya, ya sa almakashi, ya cije leɓe. Ƙas! Ya zaro guntun a hankali, ya ɗaga shi a rana ya duba, ya naɗe shi a tsumma ya jefa a aljihun zabira. Ya mayar da roba, ya mayar da soson da ya karkaɗe, ya ɗaure murfi.

Taku ɗaya Ingarma ya tashi. Yana tsaye yana bugawa dum, dum, dum, ba tari ba sarƙewa.

Mantau ya dubi Hajjo. "Kin ji?"

"Na ji. A dama masa kunu ne, ko nono zai ci gaba da sha?"

Ya tattara kayan aikinsa ya mayar cikin zabira.

Kashegari akwai suna a Tudun Gawo, gidan wani ƙanen Sarkin Noma. Mantau ya fita da wuri. A cikin gari Ingarma lafiya lau, a hankali yake tafe kamar ango. Da suka iso gindin tudu, Mantau ya gyara zama, ya rage giya, ya murɗa totur.

Ingarma ya ce buuu, ya yi wata irin gyatsa, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya saki jiki. Mantau ya sassauta hannu, inji ya dawo dum, dum, dum, kamar ba shi ba. Ya sake murɗawa. Buuu. Ya sake. Buuu. Wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta zo ta wuce shi, ta yi masa sannu, ta haye abinta.

Haka ya tura wannan ƙaton ƙarfe har kan dutse, zabira na dukan haƙarƙarinsa, gumi ya jiƙa babbar riga. Kafin ya isa rana ta take. An raɗa suna, an yanka rago, an aske jariri tas. A kan tabarmar da Mantau ya saba zama tun zamanin uban mai gidan, Ɗan'azumi ne ya miƙe ƙafa yana cin waina. Har ya ɗago hannu ya ce, "Baba, sannu da hanya. Bisimilla, akwai saura."

Sarkin Noma Tunau ya ja Mantau gefe. Dattijo ne, sa'ansa, kuma gidansa ne babban gida a kan tudun. Duk wanzamin da gidan Tunau ke kira, shi sauran gidaje ke kira.

"Mantau," in ji shi, "ka san matar babban ɗana ta sauka, namiji. Alhamis ɗin nan ne suna. Ubanka ya aske ni, kai ka aske 'ya'yana, ina so wannan ma hannunka ne zai fara taɓa kansa. Amma jama'a za su zo daga nesa. In hantsi ya dubi ludayi ban gan ka ba, ba zan shanya baƙi a rana ba. Ga yaron can, kullum yana kusa."

"Zan zo," in ji Mantau.

"Da ƙafa ko da wancan?"

"Zan zo."

Ya bar Ingarma ya huta, don a saninsa duk wanda aka yi wa aiki yana bukatar jinya. Ya gwada shi ran Talata. Buuu. Ran Laraba da safe ya sake gwadawa. Buuu. Sai ya lallaɓa shi a hankali zuwa bakin kasuwa, wurin Lawwali bakanike.

Shi Lawwalin nan jikan wani amini ne na Mantau da ya rasu. Saboda haka wasan jika da kaka ke tsakaninsu, ba ya ganin tsohon bai tsokane shi ba. Rumfarsa na ƙarƙashin wata darbejiya, kusa da Buba mai faci, wanda ba ya faci sai ya ji labarin kowa.

"A'a! Ga tsoho ga tsoho," in ji Lawwali. "Wanne aka kawo gyara?"

"Rufa mini baki. Duba shi."

"Me yake yi?"

"A tsaye lafiya. A hankali lafiya. In na murɗa sai ya ce buuu."

"Ai kai ma haka kake, Kaka. A zaune lafiya, in aka ce tashi sai ka ce wash."

Buba mai faci ya ƙyalƙyale. Mantau ya zauna a kan benci, ya ɗora zabira a cinya. "Gobe da sassafe zan hau Tudun Gawo. Jikan Tunau. In ban je ba, mai gwangwani ya gaje tudun."

Da jin haka Lawwali ya rage wasa. Ya taka babur ɗin ya saurara. Ya murɗa totur. Buuu, da baƙin hayaƙi har kan tiren mai gyaɗa.

"Ba kuloci ba ne," ya ce. "Da kuloci ne, da injin zai yi ta ihu babur ya ƙi gaba. Wannan injin ne da kansa ke shaƙewa."

Ya kwance fulogi. Baƙi wuluk, a jiƙe da fetur. Ya nuna wa Mantau.

"Ka ga wannan? Mai ya yi masa yawa, ko iska ta yi masa kaɗan, ko wuta ba ta isa. Ɗaya daga ciki."

"To zaɓi ɗaya."

Lawwali ya sa sabon fulogi, ya duba wuta, tartsatsi shuɗi mai kyau. Ya taka. Buuu. Ya zare tiyon mai ya ga fetur na zuba yadda ya kamata. Ya tara a murfin galan ya duba ko da ruwa, babu. Ya hura 'yar hudar murfin tanki, a buɗe take. Ya zaro soson iska.

"Wannan ma kamar kwanan nan aka karkaɗe shi. Kaka, wani ya taɓa babur ɗin nan?"

"Ba bakaniken da ya taɓa shi."

Mantau ba ƙarya ya yi ba. Kuma har ga Allah bai ga abin da ya haɗa cire beli da rashin ƙarfi ba. Duk wanda aka cire wa beli ƙarfi yake ƙarawa, ya ci ya sha ya yi ƙiba. Abin da ya sani ke nan, kuma bai ga dalilin gaya wa yaro sirrin sana'a ba.

Buba ya matso da taya a hannu. "Ni fa na ce salansa ce. Zanzaro ke gini a ciki. Haka ya yi wa na surukina, da aka kwance har da ɗaki da falo."

Lawwali ya kwance salansa, ya zura waya, ya buga ta da ƙasa. Toka kawai ta zubo. Ya taka babur ɗin ba salansa, ƙara ta kori awakin kasuwa. Ya murɗa. Buuu.

"To ko sammu ne?" in ji Buba. "Ɗan'azumin nan kwana biyu ina ganinsa yana shiga gidan wani malami."

"Ba a yi wanda zai yi mini sammu ba," in ji Mantau.

Rana ta yi tsaka. Lawwali ya share gumi da bayan hannu, ya bar baƙin mai a goshi. Ya kwance gindin kafireto, ya fito da 'yan ƙananan ƙarafa masu huda, ya wanke su da fetur, ya hura, ya ɗaga ya hango haske ta ciki. Tas suke. Ya mayar. Buuu.

"Kaka, tsakaninka da Allah, ba wanda ya taɓa shi?"

"Na gaya maka."

"Ko mai gyaran rediyo? Ko maƙeri?"

"Kunnenka ne ya toshe? In ƙaho kake so in kafa maka."

Lawwali ya zauna a ƙasa ya zuba wa babur ɗin ido. Abu ɗaya ya rage bai buɗe ba, don ba wurin da ke lalacewa ba ne. Ya miƙa hannu ya kwance murfin saman kafireto, ya jawo wayar totur. Wani ɗan ƙarfe mai kamar kofin shayi ya biyo ta. A gindinsa ya kamata a ga doguwar allura mai tsini. Abin da ya fito kuwa wani gundulmin abu ne, bai kai rabin ɗan yatsa ba, bakinsa a datse.

Lawwali ya juya shi. Ya sake juya shi. Buba ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Wannan ba karyewa ya yi ba," in ji Lawwali a hankali. "Yanka ne. Kuma wanda ya yi ya iya yanka. Kaka, ina sauran allurar nan?"

"Wace allura?"

"Wadda ke saukowa ta tsakiyar ramin nan."

"Au. Belin?"

Mantau ya buɗe aljihun zabira, ya fito da ɗan tsumma, ya warware shi a tafin hannu kamar yadda yake nuna wa uban jariri. Ga guntun allura yana ƙyalli.

Buba ya saki tayar da ke hannunsa. Ta gangara ta bugi tukunyar mai koko, shi kuwa yana ƙasa yana riƙe da ciki. Masu shan shayi suka taso. Kafin ka ce me, rabin kasuwa ta san wanzami ya cire wa babur beli.

Lawwali ya yi ƙoƙarin magana, dariya ta hana shi, sai da ya sha ruwa.

"Kaka! Ka ce ba wanda ya taɓa shi!"

"Cewa na yi ba bakanike."

"Wa ya ce maka babur na da beli?"

"Tari yake. Na leƙa maƙogwaronsa na ga abu na reto. Duk wanzamin da ya san aikinsa cirewa zai yi."

"Soson nan ne ya toshe yake sa shi tari! Da ka karkaɗe shi ai an gama. Ita wannan allurar, hudar mai take tsarewa. In ka murɗa kaɗan ta ɗaga kaɗan, mai ya shigo kaɗan. In ka ƙara ta ƙara. Yanzu da ka gundule ta, kana murɗawa take ficewa daga hudar gaba ɗaya, mai ya kwararo. Kamar ka kama jariri ka kafa masa ƙwaryar kunu a baki."

Mantau ya dubi guntun allurar da ke tafinsa. Can ya ce, "Tarin dai ya daina."

"Ai gawa ma ba ta tari."

"To ka ga guntun ban yar ba. Mayar masa."

"Kai in ka yanke, mayarwa kake yi?"

Mantau ya kau da kai. Ya naɗe tsumma ya mayar aljihu.

Lawwali ya zazzage buhun tarkacensa a ƙasa. Ya gwada allurar wannan babur, ta yi gajarta. Ya gwada ta wancan, ta yi kauri. Ya hau mashin ya zaga sauran bakanikan gari, ya dawo hannu rabbana. Irin Ingarma an daina kawowa tun kafin a haifi uban Lawwali.

"Sai Kano," ya ce, "wurin masu tsofaffin ƙarafa. In an dace, wani mako."

"Gobe ne sunan."

"Na sani."

Jama'a suka watse, kowa ya tafi kai labari gida. La'asar ta yi. Mantau na zaune a benci, ya ƙura wa Ingarma ido, an baje kayan cikinsa a kan kwali. Yana hango tabarmar gidan Tunau, da wanda zai miƙe ƙafa a kanta gobe, da kuma dukan tudun na bin safar roba. Ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Roƙo ba abu ne da bakinsa ya saba da shi ba.

A jikin darbejiya kuwa ga mashin ɗin Lawwali a jingine, sabo, ja, irin na Ɗan'azumi sak.

"Wannan abin naka," in ji Mantau, yana kallon wani wuri dabam, "yana hawa tudu?"

"Wanne? Gwangwanin madarar?"

"Tambayarka na yi."

"Yana hawa, Kaka. Shi ba a yi masa aiki ba tukuna."

Mantau ya haɗiye wannan. "Mutum biyu fa?"

"Har da zabira."

"Da sassafe."

"Ana sallame sallar asuba ina ƙofar gidanka. Amma da sharaɗi. A baya za ka zauna, hannunka biyu a kafaɗata inda nake jin su. In ka ji ya yi tari, ka kau da kai."

"Naka ko mutuwa zai yi ba ruwana."

"Madalla. Za ka riga mai waina isa gidan Tunau."

Mantau ya miƙe, ya gyara hula, ya rataya zabira. Ya yi taku kaɗan ya tsaya. Abin ya taɓa masa zuciya, shi kuma bai iya godiya da baki ba, da aiki yake yi. Ya juyo.

"Na ji an ce iyalinka ta kusa sauka."

"Watan nan ne, in Allah ya yarda."

"To in namiji ne, kar ka kira kowa. Ni da kaina zan zo, da sabuwar aska. Aski, beli, har kaciya in ya isa. Da hannuna zan yi masa."

Lawwali ya dubi gundulmin allurar da ke tafin hannunsa. Ya dubi tsohon.

"Kaka, askin dai na karɓa. Sauran ka bar shi. Ni ɗana so nake in ya girma ya iya hawa tudu."